Ki Bar Tsohonki Ya Yi Barci

Uwata ta kaina,

Ya mamanki da ƙannenki? Ni lafiya lau, goshina ne dai ya ɗan yi ƙulu.

Na gode da kiran da kike yi kullum don tuna mini maganin farfaɗiya. Amma hantsinku, a nan ƙasar waje ko zakara bai farka ba, kuma likita ya ce ƙarancin barci ke tayar da ciwon. Shekaranjiya na faɗi a gidan burodin da nake aiki, na farfaɗo fari fat da fulawa, har maigida ya nemi tsari. Ya ce in na sake, in huta gaba ɗaya.

Yanzu cikin takalmi nake ajiye maganin, ba na fita ban sha ba. In kewata ce, kira da la'asar ɗinku. Ni ma ina kewarki.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki