Ƙaramar Wayar Edita

Litinin, 3 ga Maris

Yau sun tafi da Edita. Ina wanke mota a bakin ofis suka zo cikin farar mota marar lamba, ba kaki, ba hayaniya. Ɗaya har sannu da aiki ya yi mini. Da suka fito da shi murmushi yake. Ya ce, "Auta, gaya wa yayarka kada ta ajiye mini abincin rana." Ko a nan sai da ya yi barkwanci.

Ni na kai wa Yaya labari. Mijinta, maigidana, duk an ɗauke a tashi ɗaya. Ta zauna a ƙasan kicin da ludayi a hannu, ta kasa kuka.

Kowa ya san dalili. Takardun ma'aikatar tsaro ne da muka buga, na motar leburorin da aka buɗe wa wuta a shingen hanya, gwamnati ta ce wai hatsari ne. Na ce "muka". Ni dai tuƙi nake, da ɗauko jarida daga maɗaba'a. Amma ranar da labarin ya fito, kaina har rawa yake.

Laraba, 5 ga Maris

A rediyo sun ce ɗan leƙen asirin wata ƙasa ne. Edita! Mutumin da ko makullin gidansa ba ya iya ɓoyewa. Na yi dariya ni kaɗai a mota.

Daga baya dariyar ta tsaya, don na tuna Mai Lema. Baƙon nan da nake kai Edita wurinsa a bayan otal, wanda ba ya rabuwa da lema ko rana ko hadari. Edita ya ce ɗan wata ƙungiya ce mai koyar da 'yan jarida. Ban taɓa tambaya ba. Direba ba ya da kunne sai na inji.

Asabar, 8 ga Maris

Sun kira ni. Ɗaki ba taga, tebur ɗaya, fanka tana kukan rashin mai. Mai binciken siriri ne, da tabarau a kan karan hanci, magana a hankali kamar likita. Ya turo mini ƙaramar baƙar waya cikin leda.

"Ka san wannan?"

Na san ta mana. Ita ce Edita ke ajiyewa a aljihun ƙofar mota, ba ta shiga gida, ba ta shiga ofis.

"Layin da ke ciki da sunan wa aka yi rajista?"

Da sunana. Nawa ne. Haka muke aiki tun da na fara: Edita ba ya bin layi. Iskar gas, kuɗin wuta, sabon layin waya, duk "Auta, je ka tsaya mini." Na tsaya, aka ɗauki hotona, na dangwala yatsa, na kawo masa. Ko kaɗan ban yi tunani ba.

Mai Tabarau ya ce ta wannan layin takardun suka shigo, ta nan kuma ake magana da baƙon. Na ce sai na ga lauya, kamar yadda Yaya ta koya mini. Ya ce, "Wane lauya? Na maigidanka?" Ya yi wata 'yar dariya. Suka sake ni, da sharaɗin kada in bar gari.

Alhamis, 13 ga Maris

Ƙungiyar 'yan jarida ta yi gangami. An buga riguna da fuskar Edita, ni na ɗauko su a but ɗin mota. Na sa ɗaya, ta yi mini yawa. Masu jawabi sun ce ba za su yi barci ba sai an sake shi. Da aka tashi na kai uku daga cikinsu gidan abinci.

Talata, 18 ga Maris

Lauyan Edita ya neme ni. Ofishinsa sanyi kamar firij, littattafai har rufi. Ya ce a kawo mini shayi, shi da bai taɓa amsa gaisuwata da baki ba, sai da kai.

Ya ɗauko zance daga nesa. Wai abin da ake tuhumar Edita da shi ɗaurin rai da rai ne. Wai buga takardu abu ɗaya ne, ana iya kare shi, amma wayar nan ita ce igiyar. Sannan ya ce, "A gaban kotu, waya ta wanda sunansa ke kanta ce."

Ya ci gaba:

"Kai ba ka yi nisa a boko ba. Ba alƙalin da zai yarda ka san abin da ke cikin saƙonnin. Ka ce baƙon ne ya ba ka ajiya, kana karɓar ɗan na goro. 'Yan watanni, ka fito."

Na ce in ban fito ba fa? Ya ce in bar masa wannan. Na ce ina so in ji daga bakin Edita. Ya duba agogo.

Wai ban yi nisa a boko ba. Gaskiya ne. Amma na iya gane lokacin da ake auna mutum kamar ragon sayarwa.

Juma'a, 21 ga Maris

Na je gidan yari. An aske wa Edita gemu, ya rame, tausayi ya kama ni tun kafin in zauna. Tsakaninmu raga, gandiroba a tsaye a gefe.

Ya yi ta magana a kan 'yancin faɗin gaskiya, da yadda tarihi zai tuna da mu. Na jira ya ja numfashi na ce, "Yallaɓai, maganar ƙaramar waya fa?"

Ya ce, "Wace waya?"

Na ce a raina don gandiroba ne. Na kalle shi ko zai ƙifta mini ido, ko ya ɗaga gira, wani abu dai. Babu. Ragar yake kallo.

"Ka bi abin da lauya ya ce, ƙanena. Shi ya san hanya."

Sai ya tambaye ni ko na canja wa mota baƙin mai.

Lahadi, 23 ga Maris

Ban fita ba.

Lahadi, 30 ga Maris

Yaya ta zo gidan Inna da yaran duka, ta jera mini su a tabarma. Ba ta taɓa roƙona komai ba a duniya, ita da ta goya ni. Yau ta durƙusa.

"Auta, kai ba ka da mata, ba ka da ɗa. Dubi waɗannan."

Na dube su. Ƙaramin yana wasa da igiyar takalmina.

Na ce, "Yaya, shi ya aiko ki ko lauya?" Ta ce me ya bambanta. Na ce a wurina da bambanci. Ta ce ashe haka zuciyata take, bayan duk abin da ya yi mini, ya ɗauko ni daga tasha ina wankin motoci ya mayar da ni mutum.

Inna tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Da suka tafi ta ce, "Ku biyun nan ciki ɗaya kuka fito. Kada wanda ya sa ni zaɓe." Shi ke nan abin da ta ce.

Na gaya wa Yaya zan yi tunani. Kuma wallahi ina yi. Da a ce ranar nan ya dube ni ya ce, Auta, wayata ce, ka taimake ni, ina jin da na ɗauka.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ba su jira tunanina ba.

An fara zama a kotu. Na je a matsayin ɗan kallo, na zauna a benci na baya. Mai gabatar da ƙara ya karanta tuhuma, sai na ji sunana, cikakke, har da na mahaifina. Wanda ake tuhuma na biyu. Ɗan sanda ya taɓa kafaɗata, na taso na shiga akwatin katako kusa da Edita. Ya matsa mini wuri. Ko ya matsa daga gare ni, ban sani ba.

Lauya ya miƙe ya ce wanda yake karewa bai taɓa riƙe wannan waya ba, bai ma san da ita ba. Ya ce kowa ya san halin direbobi, kunnensu a baya, hannunsu a buɗe. Mutane suka yi dariya. Na juya na kalli Edita. Yana rubutu a 'yar takarda.

Kawu ne ya tsaya mini aka ba da belina. Ba ɗan ƙungiya ko ɗaya da ya tambayi yadda zan koma gida.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Jaridarmu ta fito. Babban kanu: "Shin daga cikin gida aka sayar da Edita?" Da hotona, wanda aka ɗauka ranar gangami, ina sanye da fuskarsa a ƙirji.

Mai tsara shafi, wanda muke raba shayi kofi ɗaya kullum da safe, ya hango ni a bakin titi ya tsallaka. Shi ya zaɓi hoton, na san hannunsa.

Naka sai naka, in ji masu magana. To.

Talata, 22 ga Afrilu

Mai Tabarau ya sake kirana. Yau har da kujera mai laushi. Ya ce ya san ba ni ba ne, tun ranar farko ya sani. Na ce to me ya sa sunana? Ya ce wani lokaci sai an girgiza reshe.

Yana so in zama shaidarsu, a cire ni daga ƙara. In faɗi mai wayar, in faɗi bayan otal. Sannan in ce na ga Mai Lema ya miƙa wa Edita ambulan.

Na ce ban ga ambulan ba. Abin da na gani, su biyu a tsaye, Edita yana ta magana da hannu, baƙon yana gyaɗa kai. Ya ce, "Ka sake tunawa." Na ce idona ba ya ƙari.

Kowa da ƙaryar da ya ɗinka mini, sai dai in zaɓi wadda zan sa. Kuma tun da aka fara, a kotu ko a ɗakin nan, ba wanda ya ambaci leburorin. Kamar ba a kansu aka fara ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

Zama na biyu, aka ɗaga. A bakin ƙofa akwai wani tsoho da tsohuwar jaridar a naɗe a hannu, ta yi laushi don riƙo. Ɗansa yana cikin motar leburorin nan. Bai gane ni ba. Ya ce mini da ba don Edita ba, da har yau yana zaton birki ne ya kashe masa yaro. Ya ce in taya shi addu'a Allah ya tona asirin direban nan da ya sayar da Edita.

Na ce amin.

Abin da ke cina ke nan. Abin da Edita ya buga gaskiya ne. Mutum ya iya tsayawa gaban gwamnati guda, ya kasa tsayawa gabana.

Laraba, 30 ga Afrilu

Na samu lauyar gwamnati mai kare marasa hali. Ofishinta a ƙarƙashin bene, fayil har kan kujera. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta duba agogo ba. Ta ce, "Ka faɗi abin da ka gani, ka tsaya inda idonka ya tsaya. Ba zai yi wa kowa daɗi ba." Ta ce ba ta yi mini alkawarin komai.

Yaya ta kira. Na ce ina kan hanya, zan kira ta.

Talata, 6 ga Mayu

Na ba da shaida.

Na faɗi yadda na bi layi, da inda wayar ke kwana, da wanda ke ɗaukarta in ta yi ƙara. Na faɗi bayan otal. Mai gabatar da ƙara ya tambayi ambulan ta hanya uku, na ce ban gani ba, ya harare ni ya zauna. Lauyan Edita ya ce nawa aka biya ni. Na ce ko kuɗin motar zuwa nan Kawu ne ya ba ni. Wannan karon ba a yi dariya ba.

Alƙali ya ce in nuna mai wayar. Na nuna. Yau kam Edita ya dube ni sosai.

Lauyata ta ce da alama za a cire sunana a zama na gaba. Shi kuma Edita, tunda ba ambulan, tana ganin maganar leƙen asiri ta yi rauni, amma ta takardu tana nan daram. Yaya ta wuce ta gabana a baranda, gyalenta ya taɓa hannuna, ba ta juyo ba.

Da na fito, motar gidan yari ta ƙi tashi a harabar kotu. Edita yana ciki, rana ta take, ga ƙarfe ko'ina, taga ɗaya 'yar mitsitsiya. Direban yana ta murza makulli, tana ƙyas-ƙyas. Daga jin ƙarar na san kan batir ne ya saki, abin da za a ɗaure da hannu. Gandirobobi suka taru suna leƙa inji kamar masu leƙen rijiya.

Na ɗan tsaya. Sai na ga motar unguwarmu ta kusa cika, na tsallaka titi na shiga.

Sauri nake yi ne kawai. Inna tana jirana.