A Dawo Mana da Ragowar Tsokar Inna

Zuwa ga Babban Likita mai kula da ɗakin binciken tsoka na asibitin lardi,

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaisuwa irin ta 'ya ga uba, da fatan kuna lafiya.

Zan fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko yayata da muke kwana kan gado ɗaya. Na ga ciwon mahaifiyata da idona, kuma ya yi mini kyau. Allah Ya yafe mini. Ranar da muka zo jin sakamako, wata ma'aikaciyarku ta gan ni raɓe a bakin ƙofa, ta yafito ni, ta ce in sa ido a madubin likita. Ba zan kama sunanta ba, kada a yi mata faɗa. Jini na zaci zan gani. Sai ga wani gari cikin ɗan ɓallin gilashi, ruwan hoda da shunayya, ɗakuna ƙanana a jere, da hanyoyi tsakaninsu kamar yadda ruwan madatsar Makwar ke ratsa gonakinmu na auduga. Wai duk wannan a wuyan Inna yake, matar da na ɗauka na gama saninta! Har muka isa ƙauyenmu, can bayan garin Hasahisa, abin nan nake gani a idona.

Da wannan mamakin nake kawo kukana, don na san ba ƙaramin aiki kuke yi ba.

Na farko. Da aka fara yanka ƙullutun wuyan Inna, tamarji, wato ma'aikacin jinya, ya miƙa wa Baba 'yar kwalba da tsoka a ciki, ya juya ya tafi. Bai ce ga inda za a kai ba. A wurinmu kuwa duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam, ko cibiyar jariri ce, ko yatsan da lauje ya sare, naɗe shi ake yi a farin ƙyalle a binne. Haka Baba ya yi, ya yi addu'a a kai. Da muka koma aka tsayar da shi gaban jama'a ana kiransa jahili, dattijo mai furfura. Aka sake yanka Inna. Ita ta ɗauki zafin maganar da wani ya yi ƙyuyar faɗa.

Na biyu, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kun ce rinin da kuke da shi bai iya rarrabe wane ciwon daji ne cikin biyu masu kama da juna ba, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne, don haka za a aika tsokar ƙasar waje. Ma'aikaciyar nan ta ce mini can sun fito da sabuwar dabara. Wai wani abu ake tacewa daga jinin zomo, wanda ƙwaya iri ɗaya tak ya sani. In an ɗiga shi, sai ya wuce dubbai bai kula su ba, ya je ya manne wa tasa, wurin ya koma ruwan ƙasa. A littattafan soyayya na Larabci da nake karantawa a ɓoye, haka yarinya ke gane nata cikin cunkoson tashar jirgi. Ban san Allah Ya sa irin wannan sanin a jinin zomo ba.

Amma Baba ya ƙi sa hannu. Ba taurin kai ba ne, ranku ya daɗe. Tambaya ɗaya ya yi: in sun gama dubawa, wa zai binne? Aka yi dariya, ba a amsa ba. Shi kuwa yana tsoron a tambaye shi gobe ƙiyama inda ya bar naman matarsa. Ana nan ana jira, ƙullutun na girma. Yanzu kunu kawai Inna ke iya haɗiya, shi ma sai an tsinka.

Ga roƙona. An gaya mini a cikin kaki irin na kyandir ake daskarar da tsokar, a yanki sirara, sauran ya rage. Ku kira Baba, ku zaunar da shi, ku ce masa da bakinku za a dawo mana da ragowar mu binne a ƙauyenmu. Na san ubana, a ranar zai dangwala yatsa. Sannan duk wanda zai miƙa wa talaka kwalba, ya tsaya ya gaya masa abin da ke ciki da inda za ta.

Allah Ya ƙara muku basira, Ya haskaka idanunku kan kowane gilashi, Ya tsare iyayenku daga kwanciyar ciwo.

Ni mai kunya ce, ko mai shago ba na iya duba a ido. Na so in ba direban lori wasiƙar nan ya kawo muku, sai na tuna yadda kwalbar farko ta bi. Gobe zan shiga lorin da kaina, in tsaya a ƙofarku har ku fito, in sa takardar nan a hannunku.

Wassalam, tare da girmamawa.

'Yarku,
Hajara 'yar Malam Isa