Yatsunka Uku, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Ɗan'azumi maharbi, wanda ke kwance a maƙabartar Korgom.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ladabi daga ɗiyarka Hajara, daga nan Tasawa. Allah ya haskaka makwancinka. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma tsoro ya cika mini ciki, kuma babu wanda zan faɗa wa in ba kai ba.

Maganar bindigarka ce, Baba. Tana hannun Sallau, autanka, wanda yanzu ya zama magidanci, matarsa Zuwaira na da tsohon ciki.

Ina tuna yadda kake ɗura ta a ƙarƙashin itacen bedin da ke ƙofar gida. Ka zuba albarushi, ka tura tsumma, ka zura sandar ɗuri, sai ka jera yatsu a kan abin da ya rage a waje. Kullum maganarka guda: "Yatsa uku, ko na sarki ne ba a ƙara mata." Da awon nan kake kaɗo zabuwa tana tashi, harsashi bai taɓa kauce maka ba.

Sallau ya riƙe maganar kamar karatu. Yatsa uku yake sawa, wallahi bai ƙara ko ɗaya ba. Amma Baba, ka manta hannun ɗanka? Yatsunka sirara ne kamar karan dawa. Nasa kuwa na dangin Inna ne, hauya ta ƙara masu kauri, ukunsa sun kusa biyar ɗinka.

Da na je gida bayan girbi, na ga kafaɗarsa ta kumbura, ta yi baƙi ƙirin. Ya harbi zomo a gonar wake, zomo ya wuce abinsa, ƙarar kuwa har awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Ya ce ido ne aka yi wa bindigar. Daga nesa na hango wani ɗan tsagi a jikin ƙarfen, ya naɗe shi da robar tayar moto. Roba fa, Baba! Tun ranar nan abinci ba ya yi mini daɗi.

Na yi masa magana, ya yi dariya, wai malamar lakkwal mai koyar da boko me ta sani a harkar daji. Na ciro zobenka na azurfa daga yatsana na ce ya gwada. Ko a ɗan ƙaramin yatsansa bai shiga ba. Ya kalli zoben, ya miƙo mini, ya ce shi dai awon Baba yake bi. Kai ma ka san taurin kansa, wurinka ya gado shi.

A kasuwar Urafan na taɓa ganin wani dattijo mai saida igiya, hannunsa na hagu dungulmi, rabin fuskarsa duk tabo. Aka ce bindigarsa ce ta fashe masa. Yanzu in na rufe ido, fuskar Sallau nake gani a jikin mutumin nan.

Ranar Asabar maharba za su fita farauta wajen Mayahi, kuma ya ce da shi za a je.

Ka hana ni taɓa bindigar nan tun ina ƙarama. Ka ce in mace ta ɗora mata hannu, asirinta ya karye, ba ta sake shiga daji sai an yi mata wanka da turare. Ban taɓa saɓa maka ba, ko tsallake inuwarta ban yi.

To Baba, ka yafe mini. Gobe da safe zan hau kabu-kabu in tafi Korgom. Zan shiga ɗakinsa in ɗauko ta, in fito da ita tsakar gida a gaban kowa. Zan jera yatsuna a kan sandar, tunda irin naka ne, ya ga awonka da idonsa. In ya gane, alhamdu lillahi. In bai gane ba, ai na riga na taɓa ta, Asabar ba inda za ta. Ya yi fushi da ni har shekara, na yarda. Ina so ya ɗauki jaririnsa ranar suna da hannu biyu.

Allah ya jiƙanka, ya sa Aljanna makomarka. Allah ya tsare mana Sallau, ya sauki Zuwaira lafiya.

Ɗiyarka mai irin yatsunka,
Hajara