Da Ni Aka Fara Ɗibar Jinin

Daren Alhamis, Batsari

Bismillah. Yau na raka ƙanwata Binta ƙauyen Karare, ɗibar jinin mata don bincikenta kan ƙarin jini ga masu sikila. Babu wadda ta matso. Can wata dattijuwa, Inna Kulu, ta ce, "'Yar nan, an ce matsafa kuke sayar wa." Binta ta sunkuyar da kai.

Ni da ba a jin muryata, sai na ɗage hijabi na miƙa hannu. Na ce, "Inna, 'ya'yana biyu ciwon nan ya ɗauke. Binta, fara da ni." Sannan wasu suka taso.

Gobe sai na koma gaida Inna Kulu, audugar wurin allurar tana manne a hannuna. Don ta gani.