Kada Jan Injin Isyaku Ya Shiga Zaurena

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni Sabo mai fenti na Gwammaja nake wannan rubutu da hannuna, hankalina garau. Ƙirjina ne ya gaza, tururin fentin da na shaƙa tun ina saurayi ya zo karɓar haƙƙinsa, amma kaina lafiya lau. Na fara da wannan ne don na san halinku, duk abin da bai yi muku daɗi ba cewa za ku yi tsoho ya fara ruɗewa. Zuwa ga 'ya'yana Ɗalha da Hashim da Sa'ida, kuma a karanta a gaban mahaifiyarku 'Yardada.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa ba ni da ta cewa, Allah ya riga ya raba, malamai za su faɗa muku. Roƙona kawai a bar zaure yadda yake, wurin feshin gadaje da ƙofofi. Ɗalha da Hashim su ci gaba da aiki a ciki, su riƙa fitar wa Sa'ida da uwarsu haƙƙinsu ba sai an tambaya ba.

Na biyu. Tsohuwar kwamfuresarmu, wadda take tara mana iskar feshi, ta gama aiki. Na san har yanzu tana tashi. Amma bara da na kwance ƙusar ƙasan tankinta don zubar da ruwa, abin da ya fito ja ne kamar zoɓo, da ɓarɓashin tsatsa a ciki. Tanki daga ciki yake ruɓewa, waje kuwa yana ta ƙyalli. Ku tuna inda take zaune: jikin bangon ɗakin mahaifiyarku, bangon ƙasa, kuma a bayansa ne 'yar Ɗalha, Nana Hauwa, take barcin rana. Ranar da tankin nan ya fashe, ba bango ba ne zai tare shi. A cire motar lantarkin da ke juya injin, tana da sauran amfani. Tankin kuwa a saki iskarsa tas, a yanka shi biyu a ƙofar gida, sannan a kira 'yan gwangwan. Kada a sayar wa kowa shi a haɗe, ko nawa ya taya.

Na uku, kuma don shi na tashi zaune na nemi biro. Ban yarda da Isyaku ba, dillalin injinan nan na Ƙofar Dawanau. Kuna ganin ina kwance ban san abin da ake ciki ba, alhali tagata tana kallon zaure. Tun da na kwanta ya gano hanyar gidan nan. Yakan turo tsofaffin kwamfuresoshi a kura, baƙi ƙirin, wasu da tabon walda a ciki. Ɗalha ya goge, ya cike ramukan da foti, ya fesa musu ja, Isyaku ya manna sabuwar takarda ya kai kasuwa a matsayin 'yan Kwatano. Yana shigowa gaishe ni da lemo a leda, Baba sannu, Baba ya jiki, idonsa kuwa yana kan kayan aikina.

Yanzu kuma na ji ya yi wa Ɗalha alkawarin kwamfuresa guda a madadin ladan aiki, wai ya zaɓi wadda ta fi kyau. Ɗalha, abin nan ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tsoro. Kai fa ka yi fentin. Kai ka ga ramin kafin ka rufe shi. Amma na ji ka da kunnena kana gaya wa ƙanenka wai ta fito kamar daga kwali. Ciwon masu sana'armu ke nan, idan hannu ya yi kyau sai mu manta abin da ke ƙasa, mu fara yarda da aikinmu.

Ga abin da na lura da shi, ku ma ku sa ido. Duk lokacin da aka tayar da ɗaya daga injinansa don gwaji, allurar agogon iska tana fara hawa sai wayar Isyaku ta yi ƙara. Sai ya fita har bakin kwata yana magana, ba ya dawowa sai injin ya tsaya. Ban taɓa ganin ya kuskure ba. Wata rana ma wayar tana kan benci ana yi mata caji, sai ya tuna bai yi alwala ba.

Na huɗu. Ga yadda za a sayi sabuwar kwamfuresa. Ku je ku biyu, da Sa'ida, don ta fi ku iya kallon fuskar mai ƙarya. Kada ku dubi launi, ku kwanta ƙasa ku dubi cikin tanki. In akwai walda, ku tashi ku tafi. A kwance ƙusar ƙasa ku ga ruwan da zai fito. In an ce ta cije, ba a taɓa kwance ta ba ke nan. A ja zoben bawul ɗin da ke huci idan iska ta yi yawa, dole ya yi huci, don na sha ganin wanda aka toshe. Idan ta cika ta tsaya da kanta, a kashe, ku zauna ku yi hira kuna kallon allura, in tana sauka tana yoyo. Ku ɗauki mai bel da wurin zuba mai, wadda kowane makanike a Kano zai iya buɗewa, kuma wadda wutar unguwarmu za ta iya tayarwa. Abu mafi girma: mai sayarwa ya tsaya a jikinta, hannunsa a kan tanki, har ta cika. In ya tuna wani uzuri, ku ma ku tuna naku. Ko sabuwar ce, a gina mata wuri a ɗaya gefen zaure, nesa da ɗakin kwana.

Na biyar. Hashim, ka yi daidai da ka ƙi taɓa injinan Isyaku, amma ba ka yi daidai ba da ka daina cin abinci kwano ɗaya da yayanka, kana kiransa maci amana a gaban matarsa. Kai ma ba na sakin jiki da kai. Duk abin da ka gani a waya yana juyawa da kiɗa sai ka ce shi ne, alhali ƙarfin da suke rubutawa a jikin kwali rabinsa ƙarya ne. Ka je ka ba shi haƙuri tun ina numfashi, in ji muryoyinku tare a zaure. Gabar nan tana ci mini rai fiye da tarin.

Na shida. Ɗalha, injinan da ka riga ka fesa suna can a zaurukan mutane da shagunan masu faci, su ma da 'ya'yansu suna wasa a gefe. Ka san su, don babu mai irin janka a garin nan. Ka bi sawu ka gaya wa masu su abin da ke ƙarƙashin fentin. Isyaku zai zage ka, wasu za su ci kwalarka, aiki ma zai ja baya. Hashim ya raka ka, kada ka je kai kaɗai.

Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe Sa'ida, kada ku bari wani na waje ya raba muku kwano. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya tsare hannuwanku daga cutar da bayinsa, ya haɗa mu a Aljanna.

Ɗalha, na so in ce sai ka cika na shida albarkata za ta same ka. Na fasa. Na sa maka ita tun yanzu, cikakkiya, ba sharaɗi. Duk rayuwata ban taɓa karɓar abu ban bincika ba, kai kaɗai na yarda da kai haka nan, kuma ba zan kasance a nan in duba ba.