Muryar Kaltume da Layi Biyu na Caji

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Yau na yi aikin da ko jaki anka ba, sai ya nemi a bari ya yi shawara. Na karya bakin cajin MP3 ɗin matata, marigayiya Kaltume.

Ga yadda anka yi. Jiya Maimunat, autata, ta kira daga Gusau, cikinta wata takwas. Tac ce, "Baba, waƙoƙin rainon da Inna ta ɗauka da bakinta, a turo mani. Musamman ta ɗan tsuntsu. Ina so in koya kafin in sauka." Baki ya riga hankali, na ce, "Auta, ai tun bara na juye su cikin kwamfuta." Ni da ko kwalin kwamfuta ban da.

Shekara ukku 'yar baƙar na'urar na cikin akwatin zannuwanta, ban taɓa kunnawa ba. Na sa ta caji, ta hau layi biyu, anka ɗauke wuta. Cajarta irin ta bango ce, ba ta shiga kwamfuta, sai na ce bari in gwada igiyar wayata, ko a samu a juye su wurin mai kwamfuta. Ta ƙi shiga. Mai hankali nan zai tsaya. Ni kuwa tela ne, na saba in riga ta matse a ja. Na danna, na ji ƙas.

Yanzu ba ta caji ko da cajarta.

Talata, 9 ga Yuli

Na kai wa Bashar mai gyaran waya nan Ƙofar Rini. Ya haska ramin da tocila, yac ce, "Baba Tela, da guduma ka yi?" Na ce a'a, da ilimin aji ukku na sakandare.

Ba ta da katin da za a cire, komai cikinta yake. Zai iya buɗewa ya yi mata walda, amma tsohuwa ce, in ta mutu hannunsa ta mutu da muryar. Shawararsa: in kunna ta kusa da kwamfuta, ita tana waƙa ta 'yar sifikarta, kwamfuta na ɗauka. Guda talatin da ɗaya ne ciki. Layi biyun nan su ne dukiyata, duk waƙar da anka maimaita an ci rabon wata.

Zan kwashe su. Ko ana ha-maza-ha-mata.

Alhamis, 11 ga Yuli

Unguwar Arkilla, gidan Malam Silas. Tsohon malamin lissafi ne, shekara ashirin ni ke ɗinka mashi kayan zuwa coci, kuma shekara ashirin yana cewa hannun hagu ya fi na dama tsawo. Yana da laftof da 'ya'yansa sunka saya mashi.

Ya saurare ni har ƙarshe, yac ce abu ne mai sauƙi, sharaɗi ɗaya: duk wanda ke ɗakin ya yi shiru, don laftof ba ta san dangi ba, abin da ta ji shi take ɗauka. Sai ya nuna ni, ya ƙwala wa matarsa kira: "Hannatu! Zo ki ji, Tambari zai yi shiru na awa biyu!" Ta fito da ludayi a hannu tana dariya, wai ita ko kuɗin shiga kallo za ta biya.

Za su gani.

Asabar, 13 ga Yuli

Sun gani.

Munka rufe ƙofa, Malam Silas ya danna jan maɓalli, ni na danna nawa. Sai ga Kaltume. Har da ɗan gyaran muryar nan da take yi kafin ta fara. Wani abu ya taso mani daga ciki, in ban yi magana ba zai fito ta wata hanyar, sai na ji bakina ya ce, "Kai, har yanzu ba ta iya hawa sama ba!" Anka sake. Karo na biyu na yi tari. Na ukku zakaran maƙwabci ne, wannan dai ba laifina ba.

Huɗu kacal munka samu. Malam Silas bai yi faɗa ba, ya cire tabarau yana gogewa. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Lahadi, 14 ga Yuli

Suna coci. Na ɗinka wuyan riga a juye, na warware.

Talata, 16 ga Yuli

Muna tsakiyar ta shida ruwa ya goce. Rufin kwano. Da munka saurara, ba ka jin komai sai awa ana suyar gyaɗa. Kafin in lalubo wurin kashewa, layi ɗaya ya tafi.

Saura ɗaya. Maimunat ta turo saƙo, "Baba, shiru?" Na ce sabis ne ba kyau.

Laraba, 17 ga Yuli

Dabara biyu, ɗaya tashi ɗaya tawa.

Tashi: tsohuwar motarsa fijo da ke rumfa, wadda rabonta da titi tun Maimunat na firamare. Munka shiga baya, munka naɗe gilasai, laftof bisa cinyarsa, 'yar baƙa bisa matashi. Ba zakara, ba mai tallar kifi. Zafi kuwa, ko gurasa anka sa za ta nuna.

Tawa: Madam Hannatu ce ta jawo ta. Tac ce, "Malam Tambari, ni sau ɗaya na taɓa ganin bakinka a rufe, ranar da kake gwada mani riga." Gaskiya ta faɗa. In ina gwaji, allurai nake jerawa a leɓe, kuma mai allura a baki ba ya barkwanci. Na zaro ukku daga hulata na ɗana.

Goma sha ɗaya a zama guda! Munka fito jiƙe da gumi awa an tsamo mu daga gulbi.

Abin da ban shirya mashi ba: ashe ina ciki. Bayan muryarta ana jin keken ɗinkina, kaca-kaca-kaca. A ta tara ina cigiyar almakashi. A ta sha biyu ina kwaikwayonta da muryar tsohuwa, tana ci gaba ba ta kula ni ba. Na so in yi dariya, allura ta hana. Na so in yi wani abin, shi ma ta hana.

Alhamis, 18 ga Yuli

Ashirin da biyu. Layin ya fara ƙyaftawa. Ta tsuntsu ba ta fito ba tukuna, kuma sunayensu duk lambobi ne, ba halin tsallake. Malam Silas ya ce a rage ƙara, wai ƙara na shan caji. Ko lissafi ne ko camfi, na bi.

Yau sai da ya cire tabarau sau biyu cikin mota. Wai gumi.

Asabar, 20 ga Yuli

Ta ashirin da bakwai ce.

Ta ɗauko ta a hankali, yadda take yi in Auta na zazzaɓi. Ɗan tsuntsu ya bar sheƙa, ya bi ta gonar gero, ya sauka bakin gulbi shan ruwa. Nan sai ƙarar ƙofa, sai wani ƙato ya shigo yana cewa, "Wai wa ke yanka akuya gidan nan ba a kira ni ba?" Ta fashe da dariya, tac ce, "Allah ya shirye ka, Tela." Ƙit. Ta kashe.

Shi ke nan. Ba ta sake ɗauka ba.

Malam Silas bai dube ni ba. Munka ɗauki ta ashirin da takwas, da tara. Ana cikin ta talatin fuskar na'urar ta yi duhu. Na danna, na sake dannawa, na hura mata iska awa garwashi. Ya dafa hannuna yac ce, "Ta yi ƙoƙari, Tambari. Bar ta."

Da na zare alluran sai na ga jini kaɗan. Ban san lokacin da na cije ba.

Litinin, 22 ga Yuli

Bashar ya buɗe, ya yi waldarsa, ba ta farka ba. Ɗaya da rabi sun tafi ke nan. Allah ya sa ba su ne masu daɗin ba. Ƙarya nake, duk masu daɗi ne.

Malam Silas ya tura wa Maimunat sauran ta waya. Bayan la'asar ta kira, murya a dishe. Na riga ta, na ce, "Auta, maganar kwamfutar nan ta bara…" Tac ce, "Baba, wace kwamfuta gare ka? Ai tun ranar na sani." Ɗiyar uwarta.

Sannan tac ce, "Ta tsuntsu ba ta ƙare ba. Ina barci kullum kafin Inna ta kai ƙarshe, ban taɓa ji ba. Ya koma gida kuwa?"

Na ce katina zai ƙare. Ita ta kira.

Laraba, 24 ga Yuli

Ya koma gida. Na sani. Baiti biyu ne sunka rage: ya ɗebo wa uwarsa ruwa a baki, ya iske ta hura wuta tana jiransa. Shekara nawa ina jin ta ta cikin labule ina yi awa ɗinki nake. Ban san na haddace ba sai jiya da na tsinci kaina ina bin ta da ƙafar keke.

Yau na koma Arkilla. Na ce Malam Silas ya nuna mani jan maɓallin, ya ba ni laftof, ya koma cikin gida. Madam Hannatu ta buɗe baki, ya girgiza mata kai.

Na shiga mota ni kaɗai, ba allura. Na kai tsuntsun har bakin gulbi, muryata awa janareta mai ƙarancin mai. Daga nan na kasa. Zafin motar nan ne.

Na goge abin da na ɗauka. Auta saura mako biyu. Kaltume na bina baiti biyu, ni na katse su, ba kuma mai biya sai ni.

Gobe da hantsi, kafin mota ta yi zafi.