Shekara Goma Ina Neman Labarin Ɗana Sharfaddeen

Malam Nata'ala Dabo,
Gammo, Ƙaramar Hukumar Kabo,
Jihar Kano.
Litinin, 14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Sauraron Jama'a kan Gyaran Dokar Mutanen da Suka Ɓace,
Kano.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƁATAN ƊANA SHARFADDEEN A HANNUN JAMI'AN TSARO

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ne mai suna a sama, tsohon malamin firamare, ɗan shekara saba'in da uku. Na ji a rediyo kwamitinku yana karɓar koke, shi ya sa na rubuto da hannuna.

1. Ɗana Sharfaddeen direban babbar mota ne, yana ɗauko kifi banda daga gabas. Ranar Lahadi, 9 ga Maris, 2014, lokacin da rikici ya yi tsanani, jami'an tsaro suka tsayar da motoci a wani shinge a hanyar Maiduguri, suka sauke maza goma sha ɗaya, har da shi. Motar ta dawo. Shi bai dawo ba.

2. Na je Maiduguri sau shida. Duk ofishin da na shiga, sai a buɗe littafi a ce babu sunansa. Amma a shekarar 2017 aka sako Ɗanladi, wani direba mutumin Kutama da aka kama su tare. Ya zo har zaurena, ya rantse da Allah sun yi wata bakwai a ɗaki ɗaya, har wata safiya aka fitar da ɗana ana riƙe da shi saboda kumburin ƙafa. Ya ce Sharfaddeen ya roƙe shi, in ya fita, ya gaya mini bai aikata komai ba. Na kai wa jami'an tsaro wannan shaida a rubuce ranar 2 ga Agusta, 2017. Ba a ko nemi Ɗanladi ba. Yanzu da kuɗin mota ya fi ƙarfin mai fansho, tafiyar ma ta gagare ni.

3. Matarsa Badi'a ta jira shekara bakwai, bakinta bai taɓa furta gajiya ba. Ni da kaina na kai ta gaban alƙali a Gwarzo, na tsaya shaida cewa mijinta ya ɓata, don kada ƙuruciyarta ta ƙare a ɗakinsa. Alƙali ya yi adalci, ya sallame ta, ta yi idda, ta yi aure. Ranar da za ta fita ta durƙusa ta ce in yafe mata. Ranka ya daɗe, ban san laifin da zan yafe ba.

4. Shari'a ta warware auren, amma ba ta ce ya mutu ba, domin babu wanda ya ga gawa. Ba mu yi masa salla ba, ba mu yi zaman makoki ba. 'Yarsa Fiddausi tana ajin ƙarshe na firamare. Da aka ba su takarda a makaranta su rubuta ko mahaifi yana raye, sai ta kawo mini takardar gida. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, na kasa cike layi ɗaya.

5. Mahaifiyarsa, Indo, ta rasu a daminar bara. Har ta cika tana hana a taɓa rigunansa.

Saboda haka, cikin ladabi ina roƙon kwamiti ya sa a doka cewa duk wanda hukuma ta kama, dole a rubuta sunansa a sanar da iyalinsa, kuma a kafa ofishi guda da zai ba irinmu amsa a rubuce cikin wa'adi. Ina kuma roƙon a kira Ɗanladi a ji ta bakinsa tun yana da rai. Idan ɗana yana raye, a kai shi kotu, zan zauna in ji laifinsa. Idan ya rasu, a nuna mini inda aka sa shi.

Ba diyya nake nema ba. Bayan kowace salla ina ɗaga hannu, sai in rasa abin faɗa: Allah ya kuɓutar da shi, ko Allah ya jiƙansa. A taimaka a gaya mini wace addu'a zan yi.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Malam Nata'ala Dabo.